Daga Ɗaya Sai Huɗu: Neman Ciwon Wata Akori-kura a Ikko

Kawuna na Agege ne ya aiko in je in taho masa da mota gida. Tsohuwar akori-kura ce da ya daɗe yana jigilar kayan gwari da ita daga kasuwar Mile 12 zuwa wurin masu gidajen abincin da ke saye a hannunsa. Allah ya hore masa wata, sai ya yanke shawarar wannan ta koma Arewa ta riƙa kai taki gona tana kwaso amfani. A waya ya ce mini, “Tana da ’yar larurar giya, amma ba komai. In ka iso sai mu sauke giyabos ɗin mu ɗora tokumbo, ka kama hanya.” Cikin ruwan sanyi ya faɗa, ni kuwa da na ɗan san kan mota na san maganar ba ƙarama ba ce.

Babbar bas na bi daga Kano, ta Kaduna da Abuja da Lakwaja da Okene, muka ɓulla Badun. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma in ban da ciwon baya da tsaye-tsayen shingaye babu abin ba da labari a cikinta. Kana sauka daga doguwar gadar nan da ke gab da Berger za ka hangi kasuwar shanu ta Kara, mutanenmu cike da sanduna a kafaɗa, ka san an iso.

Kawu yana zaune a Zangon Agege, inda Bahaushe ba ya jin baƙunta. Goro da shanu ne suka zaunar da kakannin mutanen nan a wurin, jirgin ƙasan da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 kuma ya ƙara musu dalilin zama. Suna da sarkinsu da masallatansu da makarantun allo, mayankar Oko-Oba tana nan kusa. Yaran da aka haifa a unguwar za su gaishe ka da Hausa, su juya su yi ciniki da Yarabanci ba tare da harshe ya harɗe ba. A zuwana na baya babu gadar saman Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021. Ta rage cunkoson wurin, ba ta dai kore shi ba.

Motar tana ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol. Toyota Tacoma ce ƙirar 1998 da aka shigo da ita daga Amurka, injin fetur mai silinda 6, lita 3.4, mai jan ƙafa huɗu, giyarta otomatik, wato mai canja kanta. Agogon tafiyarta da mil yake ƙirga, ya haura 200,000, wato sama da kilomita 320,000. Bodi ya sha walda da fenti, an yi wa bayanta kejin ƙarfe, amma injin ƙalau yake, ba hayaƙi ba ƙara.

Ana sallame Asuba washegari muka nufi Mile 12, ni a sitiyari, Kawu a gefe, ya ce gara in ji abin da kaina. Da sanyin safiya ba ta nuna wani ciwo sosai ba. Ta tashi a ɗaya, ta shiga biyu, ta shiga uku, sai dai kowane canji sai ta ja shi da nisa sannan ta bugo maka kujera a baya. Ta huɗu kuwa, mai alamar O/D, sai da muka kusa Ojota ta ga damar shiga.

Lokacin kakar kayan rani ne, kasuwar ta cika ta batse. Tireloli a jere, albasar Sakkwato da Aliyaro, kwandunan tumatir daga Kura da Kadawa da Ɗanja, attaruhu da tattasai, ’yan dako na gudu da kwando a ka suna “hanya, hanya”, matan Yarabawa ’yan sari na tayawa dillalai na cewa albarka. Ƙasa ta yi caɓa-caɓa da ruɓaɓɓen tumatir, ba wurin sa farin takalmi ba ne. Aka loda mana buhunan albasa har motar ta ɗan durƙusa, muka juyo.

Tsakanin Ketu da Ojota muka faɗa gosulo irin na Ikko, wanda za ka matsa tsawon mota ɗaya ka tsaya, ga rana ta ɗaga. Da hanya ta ɗan buɗe na taka totur. Ta tashi a ɗaya da ƙarfinta, sai na ji dum, allurar juyin inji ta faɗo ƙasa, motar ta yi laƙwas. In na taka a hankali sai ta riƙa gurnani tana rarrafe, in na danne har ƙasa sai ta fizgo ta koma ɗaya inji na ihu. Babu tsaka-tsaki. Direbobin danfo suka buɗe mana wuta da hon da baƙar magana.

“Ja sandar zuwa L, ɗan nan,” in ji Kawu, ko a jikinsa. “Yauwa. In ta ɗauki gudu ka tura ta 2, sannan ka kai ta D.”

Da haka muka iso gida. Ya ce wata da watanni haka yaronsa ke tuƙa ta, wani lokaci kuma in an kashe an bar ta ta huce sai ta dawo daidai. Bakaniken unguwa ya riga ya yanke hukunci tuntuni, wai faiba, wato farantan cikin giyabos da ke riƙe giya, ta ƙone. Ya ƙara mata man giya, ya ɗaure wani kebul a jikin totur, da abin bai yi ba ya ce sai sabon giyabos.

Sai ga mu a Ladipo. Mun bar motar a gida muka hau jirgin ƙasan cikin gari, Red Line, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agege zuwa Oshodi, daga nan danfo ya sauke mu a bakin kasuwar. Wanda bai taɓa shiga Ladipo ba, ya ƙaddara unguwa ce guda a Mushin da kusan ba a sayar da komai a cikinta sai sassan mota. Injina a jibge har rufi, ƙofofi a jere, rabin mota da aka yanko daga ƙasashen waje da fitilunta da dashbod ɗinta, ƙasa kuwa ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwa. Galibin ’yan kasuwar Ibo ne, masu tura baro da masu sayar da ruwa da yawansu namu ne. Kafin ka yi taku goma samari sun kewaye ka, “Alhaji, me kake nema?”, kowa na rantsuwar a shagon yayansa kaɗai za a samu.

Wanda muka tsaya wurinsa ya san sana’arsa, ban rage masa komai ba. Bai ambaci kuɗi ba sai da ya tambayi irin injin, da shekarar ƙira, da ko motar mai jan baya ce kaɗai ko mai ƙafa huɗu. Ya nuna mana guda biyu a kan katako, A340E na mai jan baya, da A340F na irin tamu, wanda ake ɗaura wa akwatin raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba a gindinsa. Kamfanin Aisin na Japan ke ƙera su tun tsakiyar shekarun 1980, kuma danginsu ne AW4 da ke cikin tsohuwar Jeep Cherokee. Ya ce ba kasafai suke mutuwa ba, baƙon zance a bakin mai son ya sayar maka da ɗaya. Kuɗin da ya faɗa ya isa a sayi takin gonar da za a kai motar. Garantin ’yan kwanaki ne, in bai yi ba ka dawo a canja maka, amma kuɗin saukewa da ɗorawa da man da ka zuba sun tafi ke nan. Kawu ya zagaya giyabos ɗin, ya leƙa, ya shinshina, ya ce, “Wannan ai cinikin biri a sama ne.” Muka ce za mu yi shawara.

Azahar ta riske mu a Idi-Araba, tsohuwar unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da asibitin koyarwa na Jami’ar Legas, inda Kawu ke da aminin da suka yi dako tare a ƙuruciya. Muna cin shinkafa da wake ya ji labarin, ya ce kada a sauke komai sai wani dattijo ya gani. Garejin dattijon rumfar kwano ce a bakin lambatu, benci ɗaya, teburin ƙarfe ɗaya, babu allon suna. Siriri ne, mutumin Zazzau, tabarau ɗaure da zare, kowa Baba yake ce masa har Yarabawan da ke kawo masa aiki. Otomatik kaɗai yake taɓawa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: “Ku kawo ta da zafinta, ku biyo ta Oshodi da tsakar rana. Mota mai ciwon zafi in ta zo mini da sanyi ƙarya za ta yi mini.”

Haka muka yi, kuma tun daga Oshodi ta fara halinta. Baba bai buɗe bonet ba sai da ya gama da ni.

“Samari, in ta yi abin, injin ne ke ihu mota ba ta tafiya, ko kuwa injin ne ke nutsewa?”

Na ce nutsewa.

“Ribas fa?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Allurar gudu tana rawa ko faɗuwa?”

“A’a.”

“Ta taɓa shiga ambaliya?” Kawu ya yi dariya ya ce wace motar Ikko ce ba ta taɓa ba. “Wa ya taɓa ta daga ƙarshe, Alhaji, kuma me ya kwance?” Kawu ya ce bara an yi wa salansa walda, ban da wannan sai bakaniken unguwa. Da na ba da labarin L da 2 da D sai ya dube ni ta saman tabarau. “Kuma a 2 tana ja da kaya?” Na ce sosai. Ya ce, “To Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna.”

Tambayarsa ta farko ita ce ta raba hanya. Giyabos ɗin da faibarsa ta cinye santsi yake yi, inji ya yi sama mota ba ta ƙara gudu ba, kuma kullum abin ƙara taɓarɓarewa yake, musamman da lodi. Wanda ke tsallake giya amma ya riƙe wadda ya shiga gam, ciwonsa daban ne. Mafi yawan lokaci umarni ne bai iso masa daidai ba.

Daga nan sai mai. Ya sa aka daidaita motar a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, ƙafata a birki, na bi da sandar giya daga P har L ina ɗan tsayawa a kowane gurbi, na mayar P. Ya zaro geji ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya wuce alamar HOT da kusan faɗin yatsa. Mutane sun ɗauka yawan mai alheri ne, alhali in ya yi yawa ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta iya danne faiba. In ya yi kaɗan famfo ya zuƙi iska, ƙarshenta abu ɗaya. Ya ɗiga a kan farar takarda ya ɗaga ta ga hasken rana. Ja ne da ya fara komawa ruwan ƙasa, babu baƙin gari a ciki. Ya shinshina ya miƙo mini: warin tsohon mai, ba ƙauri. Ya ce abu uku ke tayar masa da hankali a jikin geji. Baƙi mai ƙauri, faiba ta tafi. Mai ƙyalli-ƙyalli, ƙarfe na cin ƙarfe. Sai wanda ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo, wato bututun sanyaya man giya da ke ratsa cikin lagireto ya fashe ruwa ya shiga. Wannan na ƙarshen in ba a kama shi da wuri ba, ruwan ɓamɓare faiba yake daga jikin farantinta.

Ya ce in sa N in jefa D, shi kuma ya ɗora tafin hannu a jikin ƙofa. Littafin gyaran motar ya ce kada shigar D ta kai daƙiƙa 1.2, ribas kuma 1.5. Baba ba ya riƙe agogo, amma ta kama nan take, ya gyaɗa kai.

Sai ya ce in kashe, in murɗa makulli zuwa ON kada in tayar. Fitilun dashbod suka kama, ta batir, ta mai, ta birki. “Ina ta inji?” Babu. Daga baya da ɗansa ya kwance gilashin mita aka tarar da gurbin ƙwan fitilar cek-inji wayam, wani ya cire shi, Allah kaɗai ya san yaushe. Wannan ɗabi’a ta yi yawa a ƙasar nan, kuma a ganina tana cikin ɓarnar da ta fi jawo asara, domin motar ta yi wata da watanni tana faɗin inda ke mata ciwo babu mai ji.

Ɗan nasa, saurayi ɗan ashirin da wani abu, shi ne mai kwamfuta. Ƙananan motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duka suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin dashbod, tsarin da ake kira OBD-II. Ya cusa wata mitsitsiyar na’ura, ta haɗu da wayarsa ta Bluetooth, lambobi suka fito. Wadda ta shafe mu ita ce P0758, matsalar lantarki a layin solonoyid na biyu. Babu P0500 ta sensar gudu, babu P0120 ta sensar totur, waɗanda su ma kan rikita canjin giya har a ɗora wa giyabos laifi.

“Baba, solonoyid ne. In je Ladipo in karɓo?”

“Zauna. Ta ce maka solonoyid ya mutu, ko cewa ta yi ta aika ba a amsa ba?”

Ya tsinto marafan kwalbar lemo guda biyu ya jera a kan bonet, ya kira ni da Kawu. Irin wannan giyabos ba shi ke yanke wa kansa shawara ba. Kwamfutar motar, wadda kanikawa ke ce wa birenbos, tana sauraron totur da gudu da zafin ruwa, sannan ta aika wuta ga ƙananan bawul masu aiki da lantarki da ke cikin kwanon mai. Su ne solonoyid. Guda biyu ke canja giya, na uku aikinsa kulle kwambata, wato tukunyar man nan da ke tsakanin inji da giyabos a madadin kuloci. Baba ya ce marfin da ke buɗe yana da wuta, wanda ke kife babu. Na farko a buɗe na biyu a kife, giya ɗaya. Duka a buɗe, biyu. Na farko a kife na biyu a buɗe, uku. Duka a kife, huɗu. Sai ya ɗauke marfi na biyu ya jefa aljihu.

“To, samari, me ya rage?”

Na juya marfin da ya saura, buɗe da kife. “Ɗaya da huɗu.”

“Abin da kake ji a Ojota ke nan.”

Don ya tabbatar, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar ya zare soket ɗin wayoyin da ke gefen giyabos gaba ɗaya, ya ce in zagaya layin da ita. In babu wuta sam, sandar giya ce kaɗai ke mulki: L ta ba ka ɗaya, 2 ta ba ka uku, D ta ba ka huɗu. Haka kuwa ta yi, kowacce ta kama ba santsi. Ashe dabarar da yaron Kawu ya ƙirƙiro don ya isa gida rabin wannan gwajin ce, kuma abin da yake zaton giya biyu ce, uku ce. Giya biyu ta ainihi kuwa ni da kaina na ji ta shiga da safe. Famfo da faiba da haƙoran ƙarfe duk sun fita daga zargi.

Saura a san ko solonoyid ne ko hanyarsa. Ya ɗora mita a bakin soket ɗin. Da sanyi ana son om 11 zuwa 15, wato ma’aunin juriyar waya ga wucewar wuta, da zafi yakan ɗan haura, kuma da zafin ya fi kyau a auna, domin akwai naɗin wayar da ke yin daidai da sanyi ya yanke in ya ɗumama. Duka ukun suka nuna kusan abu ɗaya. Ya mayar da soket ɗin, ya sa ɗansa ya kwance akwatin dashbod na gefen fasinja inda birenbos take, ya auna wayar solonoyid na biyu daga can. Lafiya lau ta nuna. Kawu ya fara gyara hula, alamar haƙuri ya kusa ƙarewa.

Baba ya ce wa yaron kada ya ɗauke ido daga mita. Ya naɗe hannu da tsumma ya koma ƙasa, ya riƙa bin damin wayoyin taƙi bayan taƙi yana girgizawa. Ya yi nisa ba labari. Da ya iso inda damin ke wucewa ta saman salansa sai yaron ya ce, “Ta ɗauke!” Ya saki. “Ta dawo.” Ya sake taɓawa. “Ta ɗauke.”

Da reza ya tsaga baƙin tef ɗin da ke wurin, wanda zafi ya mayar da shi danƙo. Ƙarfen da ya kamata ya riƙe damin nesa da salansa babu shi. Waya ɗaya ta taɓa ƙonewa, wani ya murɗe bakinta biyu da yatsa ya naɗe, jan ƙarfen ya yi kore, silin da ke riƙe da ita ba su fi a ƙirga ba. Da sanyi suna taɓa juna, in wurin ya yi zafi mota na jijjiga sai su rabu. Ya yanke har inda jan ƙarfe ke da haske, ya ƙara guntuwar waya ya like da dalma, ya sa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, ya ɗaure damin can gefe. Ba laifin maƙera ba ne, ba na giyabos ba. Hannun wani ne da ya yi gaggawa.

Ban yi zaton akwai saura ba, amma Baba bai manta da bugun kujerar da na ambata ba. Jan canji da nisa ya warware shi da yatsa ɗaya: maɓallin ECT PWR a danne yake, aikinsa kuwa jinkirta canjin giya don a samu ƙarfin fizga. Bugun kuma daga kebul ɗin da bakaniken unguwa ya ɗaure ne. A wannan giyabos kebul ɗin ba shi ke faɗin lokacin canji ba, ƙarfin matsin mai yake daidaitawa. In ya yi tsauri canji ya riƙa bugu, in ya yi sako-sako faiba ta riƙa santsi har ta ƙone, wanda ya fi muni. Akwai ɗan ƙullin ƙarfe a jikin kebul ɗin da ake so ratarsa da bakin robar kada ta wuce milimita 1. Noti biyu ya sassauta ya mayar da shi gurbinsa.

A kan giya ta huɗu da ke makara da safe ne aka yi gardama. Baba ya kwance mahaɗar bututun lagireto, ya nuna wa Kawu gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, babu komai a ciki.

“Ai wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, Baba. Mu nan zafi muke fama da shi.”

“Alhaji, birenbos ba ta san kana Ikko ba. In ruwa bai kai wajen digiri 60 ba, ba za ta ba ka huɗu ba, ba kuma za ta kulle kwambata ba. Ga shi ka ce Kano za ta, cikin hunturu. Da sanyin asuba sai ta yi ta tafiya a uku tana shan fetur.”

Maganar fetur ce ta kashe bakin Kawu, don tun da aka cire tallafi a 2023 mai silinda 6 ba ya wasa da lita. Ni dai ina bayan Baba. Galibin masu cire tamostat toshewar lagireto ko lalacewar fanka suke ɓoyewa. Aka tura yaron Ladipo a keke, tunda an hana acaɓa a Mushin tun 2022, ya sayo tamostat da ƙwan fitila da man giya.

Man da ake so Dexron III ne, ko wanda aka rubuta ya dace da shi, ba mai kaurin nan lamba 90 na giyar hannu ba, ba kuma na wani nau’in otomatik da ake kira CVT ba. In an kwance notin kwano lita 2 ko kusa da haka ke zubowa, sauran, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, yana maƙale a kwambata da bututai. Baba ba ya son injin wanke giyabos a tsohuwar mota, ya fi son a zubar a cika, a yi tafiya, a sake. Saboda nisan hanyar da ke gabana ya sauke kwanon ma ya duba. Maganaɗisun ciki sun tara laushin toka-toka, wanda ba komai ba ne a mota mai wannan shekaru, babu ɓarɓashi. Ya wanke rariyar ya mayar.

Bayan La’asar muka fita gwaji, shi a gefena, Kawu da yaron a baya. Da gangan ya bi da mu ta cunkoson Ojuelegba har motar ta yi zafi sosai, sannan Yaba, muka hau gadar Third Mainland ta Adekunle muka nufi Oworonshoki. Gadar tana da tsawon kilomita 11.8, an kammala ta a 1990, kuma tana cikin ’yan wuraren da mutum zai samu miƙaƙƙen titi a tsakiyar Ikko. Gidajen Makoko na kan ruwa a ƙasa, masunta a kwalekwale, can gaba bishiyoyin Jami’ar Legas. Baba bai kalli ko ɗaya ba, idonsa na kan allurar inji yana ƙirgawa da yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowacce ta shiga sumul. Can sai allurar ta ƙara sauka ɗan kaɗan. “Kwambata ta kulle. Taɓa birki da ƙafar hagu, kada ka saki totur.” Na ɗan taɓa, allurar ta ɗaga, na saki ta koma. Yaron ya sake duba waya, lambar da ya goge ba ta dawo ba.

A hanyar komawa ta Gbagada ya yi mini huɗubar tafiya. Da lodi a hawan tudu, irin na wajen Okene, in danna O/D OFF kada ta yi ta kai-kawo tsakanin uku da huɗu, don kai-kawon nan da zaman gosulo su ke dafa man giya. In batir ya mutu kada in bari a tura, otomatik ba ta tashi da turi. In har ta kai ga ja da igiya tafiya mai nisa, a cire furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyi, tukuna, domin in inji ba ya aiki famfon mai ba ya aiki. Ina isa Kano kuma in sake zubar da lita 2 in cika da sauran galan ɗin.

Matsalar da ban yi tsammani ba a gida ta taso. Da Kawu ya karɓi sitiyari daga Oshodi zuwa Agege ya ji yadda take tafiya, sai ya fara sauya zance, wai anya ba za a bar ta ta ƙara shekara ɗaya a Mile 12 ba, tunda sabuwar ba ta kai ta ɗaukar kaya ba. Na ce ni ɗan aike ne, sai dai ya gaya wa Inna da bakinsa, don ita aka yi wa alkawarin motar taki. Ya kira ta bayan Isha, ya fita waje da wayar, ya daɗe. Da ya dawo bai ce mini uffan ba, sai ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce a loda jarkokin manja da buhun garin kwaki da huhun goro tun da dare, a ɗaure tamfol da kyau, in fita ta Berger kafin gari ya waye.